Gonar Baffanki Haruna

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Zuwa ga 'yata Ummi,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Ina roƙon Allah Ya sa kin sauka lafiya, kin tarar da Goggonki da yaranta cikin ƙoshin lafiya. Allah Ya tsare ki a hanya da masauki, Ya kare ki daga sharrin mutum da na aljan, Ya sa ki shiga wannan aiki da ƙafar dama. Innarki tana gaishe ki, ƙannenki ma suna gaishe ki.

Na ba Innarki wannan takarda ta miƙa miki sa'ad da mota za ta tashi, domin na gwada in gaya miki abin da ke cikinta da baki na kasa. Ranar da kika zo mini da murnar an ɗauke ki akanta a kamfanin kayan gini da ke Rijiyar Zaki a Kano, kin ga na yi shiru, kika ɗauka ban ji daɗi ba. Na ji daɗi, Allah Ya sani. Amma na taɓa zama a kan kujera irin wadda za ki zauna, kuma ban tashi daga kanta da mutuncina ba. Kin san kamfanin man gyaɗa ya rufe kina ƙarama, kin san an tsare ni an sake ni. Abin da aka gaya muku a gida shi ne an zalunci babanku. Wannan rabin labarin ne. Ga sauran.

Kamfanin yana bakin titi ne kafin a shiga Tsanyawa. Yanzu in kin wuce a bas ba abin da za ki gani sai katanga da ƙarafa masu tsatsa, amma lokacin da na fara aiki, ƙamshin gyaɗa har cikin gonaki ake jin sa. Mai shi, wanda kowa ke kira Alhaji kawai, ya ɗauke ni kashiya, daga baya ya mai da ni akanta. Ni ne na farko a gidanmu da ya yi boko har ya samu difloma, don haka duk mai neman aiki a ƙauyenmu ƙofata yake zuwa. Kin san yadda gonakinmu suke. An raba gado an sake rabawa, har ta kai magidanci yana noma abin da ba zai kai shi bazara ba. Na shigar da mutane da dama. Na farkonsu shi ne Baffanki Haruna.

Ke kin san shi da furfura da tari. Ni na san shi lokacin da yake ɗaga buhun gero shi kaɗai ya aza wa jaki. Ɗan wan mahaifina ne, ya girme ni sosai. Da mahaifina ya rasu ina farkon sakandare, dangi suka ce in dawo gida in kama fartanya. Yaya Haruna ya ce a'a. Shi ya riƙa nome gonarmu tare da tasa, ya kawo wa kakarki amfanin bai ɗebi ko dami ba, har na gama karatu. Saboda haka ranar da na samo masa aiki a wurin tukunyar da ake soya gyaɗa kafin a kai ta injin matsa, na ji kamar na fara biyan sa. Wuri ne mai zafi da hayaƙi, amma akwai albashi duk wata, akwai kuma fansho. Kalmar fansho ita ta fi burge shi. Yakan ce, "Wato Iliyasu, ko na tsufa na zauna a gindin bishiya, kuɗi za su riƙa zuwa?" In ce masa, "Haka ne, Yaya."

Kuskurena na farko bai yi kama da kuskure ba. Wata rana bayan la'asar Alhaji ya kira ni ofishinsa, ya sa aka kawo shayi. Ya nuna mini titi ta taga ya ce, "Malam Iliyasu, dubi ramukan nan. Motocina nawa suka lalace a kansu? Wuta ba a kawowa, dizal nake saye. Ruwa ma ni na haƙa burtsatse da kuɗina. To don Allah, gwamnatin da ba ta yi mini komai ba, a kan me zan kwashi gumina in kai mata?" Duk abin da ya faɗa gaskiya ne, ni ma a kan titin nake tuƙa babur. Sai ya ce abin da yake so ɗan ƙarami ne. Tunkuzar da muke sayar wa masu kiwon kaji, a daina yanka mata rasit. Man da ake lodi ranar Juma'a ma haka. A riƙa rubuta su a wani littafi dabam wanda ni da shi kaɗai za mu gani, wanda za a nuna wa ma'aikatan haraji kuma ya zama ribar cikinsa ba ta taka kara ta karya ba.

Na yarda, Ummi. Ba tilasta mini aka yi ba. Har wani daɗi na ji, wai an amince da ni an sa ni a sirri. Na gaya wa kaina cewa gwamnati ba mutum ba ce, ba ta da fuska, ba ta jin yunwa, kuma in kamfani ya tsira mutanen ƙauyenmu ne suka tsira. Da tafiya ta yi tafiya, ni da kaina na kawo dabarar ƙara sunaye a cikin 'yan aikin rana, don a nuna kamfani yana kashe kuɗi da yawa. Da sunaye suka ƙare mini sai na koma kan mutanen da na sani sun riga mu gidan gaskiya. Wata ran na duba takarda na ga na rubuta sunan mahaifina, kakanki, wai ya yi dakon buhu an biya shi. Na tsaya na kalle shi, na ce ai tawada ce kawai, na wuce.

Idan ma'aikatan haraji suka zo, ni nake tarbar su, in sa a sayo musu balangu, in miƙa musu ambulan a bakin mota. Wasu su karɓa suna dariya. Wani dattijo a cikinsu ya ƙi karɓa. Ya dube ni ya ce, "Yaro, kana da iyali?" Na ce ina da su. Sai ya shiga mota. Ba a sake turo shi ba.

Abin da nake so ki riƙe a nan shi ne, wanda zai nemi ki karkatar da lissafi ba zai zo miki da fuskar ɓarawo ba. Alhaji a sahun gaba yake salla, da azumi yana raba hatsi, kuma ba na jin don a gani yake yi. Zai zo da dalili mai kyau, wani lokaci ma dalilin gaskiya ne. Ki saurara da ladabi, ki ce, "Gaskiya ne, ranka ya daɗe, titi ya lalace," sannan ki rubuta abin da aka sayar kamar yadda aka sayar. Idan haraji ya yi wa kamfani nauyi, akwai hanyoyin da doka ta yarda a bi a nemi sauƙi, kin fi ni sanin su, ku aka koya wa. Ki nuna masa waɗannan. Ɓoye ciniki ba ya cikinsu. Kada kuma ki ce ai ba aljihunki kuɗin suka shiga ba. Da wannan maganar na yi shekaru ina lallashin kaina. Abin da ban gane ba a lokacin shi ne hannuna nake koya wa rubuta abin da bai faru ba, kuma hannu yana da saurin koyo. Sannan daga ranar na miƙa wa Alhaji igiyar da zai riƙa jana da ita.

Sai aka yi wata shekara damina ta yi gardama, gyaɗa ta yi tsada, kuɗin saye suka yanke. Kin san duk wata akan yanki wani abu daga albashin ma'aikaci, na haraji da na fansho, kamfani ya ɗora nasa a kan na fanshon, a tura inda ya kamata. Da farko muna turawa. A wannan shekarar Alhaji ya ce, "Riƙe su wannan watan mu sayi gyaɗa. Aro ne. Da an sayar da mai za a mayar." Na riƙe. Wata ya zagayo ya ce a ƙara haƙuri. A takardar albashi kuwa ina ci gaba da rubuta an yanka, an tura. Mutanenmu ba su yi boko ba, yatsa suke dangwalawa su karɓi abin da na miƙa musu su ce Allah Ya yi albarka. Ba wanda ya taɓa tambaya, domin Iliyasu ne ke riƙe da lissafi, ɗan gida.

Mai ya sayu, gyaɗa ta yi araha, ba a mayar ba. Alhaji ya ci bashin banki ya fara ginin gidan man fetur a hanyar Kano. Wata rana na yi ƙarfin hali na ce, "Ranka ya daɗe, kuɗin mutanen nan fa sun taru." Bai yi fushi ba. Murmushi ya yi ya ce, "Za a biya, Malam Iliyasu. Amma bari in tambaye ka. Yau in aka zo bincike, rubutun wa za a gani a takardun nan, nawa ko naka?" Ya dafa kafaɗata ya fita. A ƙarshen watan aka ƙara mini albashi.

Da wannan ƙarin na sa wa ɗakunanmu kwano, da shi na cire ki daga makarantar ƙauye na kai ki ta kuɗi. Ba don ki ji nauyi nake gaya miki ba, yaro ba shi da laifin abin da aka ciyar da shi. Ranar da na kawo wa Innarki labarin ƙarin tana tankaɗe, ko ɗagowa ba ta yi ba ta ce, "Kowa aka ƙara wa, Malam, ko kai kaɗai?" Na ce ni kaɗai. Ta ce, "To me ka yi masa wanda sauran ba su yi ba?" Na daka mata tsawa, na ce me ta sani a kan aikin ofis. Ta ci gaba da tankaɗenta. Ba ta sake tambayata ba, ni kuma na ɗauka na huta.

Ummi, kuɗin da aka yanka a albashin mutum ba na kamfani ba ne ko na ƙiftawar ido. Amana ce da ta biyo ta hannunki za ta wuce. A ofis akwai kalmomi masu laushi da ake lulluɓe abubuwa da su. Za ki ji an ce aro, an ce gyara, an ce a tura shi wata mai zuwa. In kin ji haka ki tambayi kanki ko mai kuɗin ya sani. In bai sani ba, ba aro ba ne. Idan kuma alheri ya faɗo miki ba tare da aikinki ya ƙaru ba, ki tsaya ki duba me ake saye a wurinki. Kuma duk ranar da mai ƙaunarki ya yi miki tambaya kika ji ranki ya ɓaci nan take, ki koma kan tambayar, akwai abin da ta taɓa.

Yanzu na zo inda alƙalamin ke yi mini nauyi.

Inna Asabe, matar Baffanki, ta kamu da ciwon ciki. Aka yi na gida aka gaji, asibiti a Kano suka ce sai an yi mata aiki. Baffanki ba shi da abin sayarwa sai gonarsa ta bayan gari, wadda ta yi iyaka da ta liman, ita kaɗai ya gada. Wani ɗan kasuwar hatsi ya ce zai karɓe ta jingina, ya ba shi kuɗin aikin, ya riƙa nomawa har ranar da aka fanshe ta. Kafin ya amsa sai ya zo wurina.

Lokacin hutun azahar ne. Ya tsaya a ƙofar ofis ya cire takalmi, shi da ya ɗauke ni a kafaɗa ina yaro. Rigarsa duk baƙin hayaƙi. Na ce ya shigo ya zauna, ya ce zai ɓata kujera, ya tsuguna.

Ya ce, "Iliyasu, shawara na zo. Ka san halin da Asabe ke ciki. Ina so in jinginar da gona, amma ba zan yi ba sai na san da abin da zan fanshe ta. Sun ce saura kaɗan in kai shekarun ajiye aiki, a ba ni wani abu a dunƙule. Kuɗin nan da ake yanka, suna nan?"

Na dubi takardun da ke gabana na ce, "Suna nan, Yaya."

Ya ce, "Za su kai?"

Na ce, "Za su kai, har da saura."

Ya ce, "Alhamdu lillahi. To shi ke nan, hankalina ya kwanta." Ya miƙe ya sa takalminsa ya koma bakin wuta.

Wannan ƙaryar ba a takarda na yi ta ba. Da bakina na yi ta, ga mutumin da ya zame mini uba. Na sha tambayar kaina me ya hana ni faɗin gaskiya. Da na faɗa, da an nemi wata hanya. Da dangi sun yi karo-karo, da na sayar da babur, da an je wurin Alhaji da dattawa an karɓo masa haƙƙinsa tun kamfani na da rai. Amma faɗa masa yana nufin in ce ni ne na rubuta an tura alhali ba a tura ba. Kunyar ɗan lokaci na guje wa. Na kuma ruɗi kaina cewa kafin lokacinsa ya yi Alhaji zai biya.

Aka yi wa Inna Asabe aiki, Allah Ya ba ta lafiya. Ba a daɗe ba kamfani ya durƙushe. Banki ya biyo bashinsa, masu haraji suka turo sababbin mutane waɗanda ba sa cin balangu, suka bi direbobi da masu kiwon kaji suka gano cinikin da muka ɓoye. Aka ce Alhaji ya tafi ƙasar waje neman magani. Lauyansa ya ce shi ɗan kasuwa ne, bai san boko ba, akantansa ya amince wa. Kowace takarda aka buɗe, sa hannuna ne a ƙasa. Umarnin da ya ba ni duk da baki ya ba ni, a kan shayi.

Don haka kada ki sa hannu a kan abin da ba ki gani da idonki ba. Kada ki mai da kwanan wata baya don wani ya ce sauri ake yi, kada ki ba kowa lambar sirrinki ta kwamfuta ko da manaja ne. In an ba ki umarnin da zuciyarki ba ta kwanta da shi ba, ki ce cikin ladabi a rubuto miki shi. Mai gaskiya zai rubuta. Wanda ya ƙi kuwa, kin samu amsarki.

Ma'aikata suka yi hayar bas suka je ofishin fansho a Kano. Aka duba musu aka ce shekaru ke nan ba a turo komai ba. Da suka dawo ba gidajensu suka nufa ba, ƙofar gidanmu suka zo. Wataƙila kina tunawa, ranar ce Innarki ta kulle ku a ɗaki. Ina cikin zaure ina jin muryoyin mutanen da muka taso tare suna kirana ɓarawo, wani yana cewa a kawo fetur. Sai na ji muryar Baffanki. Ya tsaya a bakin zaure ya ware hannuwansa ya ce, "Duk wanda zai shiga sai ya bi ta kaina. Ni ma kuɗina sun tafi, har da gonata a kai. Amma Iliyasu ni na rene shi. Shi ma cutar sa aka yi. Wallahi da ya sani da ya gaya mini."

Ina bayan ƙofa, har numfashinsa ina ji. Ya rantse da Allah a kan gaskiyata, ni kuma ban fito na ce, Yaya janye rantsuwarka ba. Mutane suka watse saboda girmansa. Da 'yan sanda suka tafi da ni, shi ya yi ta bin dagaci da liman har suka tsaya mini aka ba da belina. Shari'ar ta yi ta jan ƙafa har aka daina maganarta. Aka sayar da injuna, banki ya kwashi nasa, ma'aikata suka samu abin da bai kai a faɗa ba.

Baffanki ya wayi gari ba albashi, ba gona. Mai jingina ya ce zai cika masa kuɗi ya saye ta gaba ɗaya. Ya yi ta ja har hatsin gidan ya ƙare, sannan ya dangwala yatsa. Ina wurin ranar da aka je nuna iyaka. Ya tsuguna ya ɗebi ƙasar ya murza, ya ce wa mai sayen, "Gefen can yana son takin gida, ka kula da shi." Daga nan ya tafi Kano ci-rani, dattijo da furfura, yana leburanci a wuraren gine-gine, a wajen unguwar da za ki yi aiki. Wasu benayen da za ki riƙa wucewa, a kansa aka hau da yashinsu. Duk sanda ya zo gida sai ya biyo ta wurina ya zauna a tabarma ya ce, "Kada ka sa abin a ranka, Iliyasu. Allah Zai saka mana, ni da kai." Ni da kai, Ummi. In ce amin. Sau da yawa na buɗe baki, sai in ce bari sai bayan salla, bari sai ya ɗan samu sauƙi, bari sai na tara abin da zan riƙa a hannu. Nakan aika musu da hatsi, ya aiko a yi mini godiya, yana gaya wa mutane ɗan'uwa irina sai an tona.

Hayaƙin tukunya da ƙurar siminti suka haɗu a ƙirjinsa. Da kakar da ta wuce aka kawo shi gida a kwance, kina wajen bautar ƙasa. Ranar da jikin ya tsananta na tafi da niyyar in faɗa ko me zai faru, na tarar ɗakin cike da mutane. Ya kama hannuna ya ce wa liman, "Malam, ka zama shaida. Iliyasu ne zai yi mini wanka. Yarana kuma na bar masa amanarsu." Washegari da hantsi ya cika. Ni na yi masa wanka. Na ga tsakar kansa inda kwanon yashi ya cinye gashi, na ga tabon ƙuna a hannuwansa. Ina zuba ruwa ina cewa a raina, Yaya na sani, tun farko na sani, ka yafe mini. Mai taya ni wankan ya ɗauka kukan rashi kawai nake yi.

Za ki yi kuskure a wurin aiki, kowa yana yi. Ki faɗa a ranar. In lissafi ya ƙi daidaita, ki ce ya ƙi, kada ki tausa shi. In wanda ya dogara da ke ya tambaye ki, ki ba shi amsar gaskiya ko da za ta zubar da girmanki a idonsa. Gaskiyar da na kasa faɗa a ofis da azahar ɗin nan ba ta tsaya yadda take ba, kullum ƙara nauyi take yi, har ta kai ranar da na shirya faɗa babu mai ji.

Da Inna Asabe ta fita takaba, na fara gaya wa Innarki. Ta saurare ni har ƙarshe, ta yi kuka, sannan ta ce, "To yanzu me za ka yi?" Muka tafi tare. Muka tarar da Inna Asabe tana surfen ƙwadago a tsakar gida, babban ɗanta Sale yana gyaran danga. Na tsuguna na gaya musu komai, ban rage ba. Na ce na zo in ba su gonata ta fadama a madadin tasu, a rubuta a gaban dagaci.

Ta jingine taɓarya. Sannan ta ce, "Shekara da shekaru ina ganin ni na cinye gonar nan da ciwona. Duk ranar da ya ɗauki jakarsa zai koma Kano sai in ce da na mutu a lokacin, da yanzu yana gida." Ta share ido da gefen mayafi. "Gona na karɓa, domin haƙƙin yaran nan ne. Yafiya kuwa, Malam Iliyasu, nawa na yafe. Amma babban ba nawa ba ne. Mai shi yana maƙabarta, kuma ya tafi yana sa maka albarka. Ban san yadda za ku yi ba ranar da kuka haɗu."

Sale kuwa, tun ranar in mun haɗu a masallaci kau da kai yake yi. Ban ga laifinsa ba.

Saboda haka gonar fadama ba tamu ba ce yanzu. Ita ce mafi kyau a cikin abin da zan bar muku ke da ƙannenki, kuma na bayar ban shawarce ku ba. Ki yafe mini wannan. Sauran ma'aikatan da ke raye zan bi su gida-gida in gaya musu. Ba ni da gonar da zan ba kowa, abin da nake da shi kawai in tsuguna a gabansu in faɗi abin da na yi. Wasu za su yafe, wasu za su tashi su bar ni a zaune. Na jira sai kin tafi ne don kada ki ji ana zagin ubanki a bakin rijiya. Amma maganar za ta iso ki, kuma na fi so ki fara jin ta daga wurina.

Saura magana ɗaya. Wataƙila Allah Ya haɗa ki da mutanen kirki, ina roƙon haka. Amma in ranar ta zo aka ajiye miki takarda aka ce ki sa hannu a kan abin da kika san ba haka yake ba, na san abin da zai zo miki a rai. Za ki tuna da kuɗin makarantar ƙannenki, ki tuna gona ta tafi, ki tuna tsufana, ki ce ba za ki iya rasa aikin nan ba. Da irin wannan tunanin aka ɗaure ni. To ina gaya miki tun yanzu, gidan nan bai dogara da albashinki ba. Akwai gonar tudu, kuma har yanzu ina iya riƙe fartanya. Ki ajiye biro, ki yi musu sallama da ladabi, ki je tasha ki hau bas ɗin Tsanyawa. Ba wanda zai tambaye ki dalili a gidan nan. Ki kira ni kawai in kun kusa. Zan tare ki a bakin titi, in ɗora akwatinki a kaina, in ratsa tsakiyar gari da shi da rana tsaka, kowa ya ga 'yar da na haifa.

Ki riƙe salla a kan lokaci. Ki yi wa Goggonki biyayya, ki taya ta aikin gida ko da kin dawo a gajiye. Ki riƙa kiran Innarki, ba za ta ce tana kewarki ba amma tana yi. In kin ɗaga hannu ki sa Baffanki Haruna a addu'a, Allah Ya haskaka kabarinsa. In kina iyawa ki sa ni ni ma.

Allah Ya tsare fitarki da shigarki, Ya tsare hannunki da harshenki, Ya ciyar da ke halal komai ƙanƙantarsa, Ya dawo mana da ke lafiya. Allah Ya yi miki albarka.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinki,
Iliyasu